Zanzaro a Bayan Ganuwar Sin

Ga ta nan tafe, ga ta nanku, masu kunne!

— Ta iso mu ji ta, Iya, mun ba ta wuri!

To, ku gyara zama. Kai Barau, daina zungurin ƙanwarka. Ke Lantana, ke kika zo mini da hoton doguwar katangar nan ta ƙasar Sin a littafin makarantarku, kina tambaya don me aka gina ta. Malaminku zai gaya muku nasa, na masu karatu. Ni nawa na tatsuniya ne, kuma in kun ji muryata ta tashi kada ku tsorata, ba da ku nake ba.

A can ƙasar Sin, gabas mai nisa, an yi wani sarki, Toron Giwa. Ƙasarsa ta noma ce. Gero, alkama, shinkafa, kome aka jefa sai ya fito. Arewa da ƙasar kuwa fili ne fetal, ba gona, ba gari, sai ciyawa. Nan kuraye suke zaune. Kuma kurayen can ba irin namu ba ne masu ɗingishi, mahaya dawaki ne. Ba sa shuka, ba sa noma. Sai an yi girbi, an ɗaure dami, an cika rumbu, sai a ji rugugin kofato. Kafin labari ya isa fada, sun kwashi abin da za su kwasa sun koma.

Shekarar farko suka kwashe hatsi. Ta biyu suka kora awaki. Ta uku suka haɗa da masu gonar. Cikin waɗanda suka tafi da su har da mijin Zanzaro.

Kun dai san Zanzaro, baƙin ƙwaron nan mai aikin laka. A duk ƙasar Sin ba maginiya kamarta. Aka bar ta da ’ya’ya uku: Nomau, da Marka, da ’yar ƙaramarsu Yalwa. Duka ƙanana ne, ko fiffike bai fito musu ba.

Sarki ya tara fadawa. Ya ce, “Na gaji da kuka a ƙofar gidana. Me za a yi wa kurayen nan?”

Sai Dila ya matso, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, da dokinsu suke fin mu. A ja musu ganuwa, tun daga bakin teku har cikin rairayi. Mu ga dokin da zai hau bango.”

Sarki ya ce, “Wa zai gina?”

Dila ya ce, “Talakawa mana, ranka ya daɗe. Ai su za ta tsare.”

Sarki ya ce, “Ka yi magana. Na naɗa ka uban aiki.”

Aka yi shela gari gari. Gara ta zo da jama’arta. Buzuzu ya zo da nasa, masu mirgina curi. Zanzaro ta zo da ’ya’yanta uku a baya.

Dila ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce, “Ke kuma da goyo za ki yi mana aikin?”

Ta ce, “Saboda goyon na zo. An ɗauke ubansu ina kallo. Su ba za a ɗauke mini su ba.”

To, magina suna da wata al’ada, kuma al’ada ce mai kyau. Ba a haƙar ƙasar ganuwa daga cikin gari, daga waje ake haƙa. Kun ga ke nan bango yana tashi, rami yana zurfi a gabansa, abokin gaba ya zo ya tarar da wahala biyu. Ranar farko Dila ya ce a haƙa ta ciki, ya fi kusa da inuwar da yake zama. Zanzaro ta ce a’a.

Ta ce, “Uban aiki, kai ka san fada, ni na san laka. Ta waje ake haƙa.”

Ya ɗaga kafaɗa, ya ce, “Ku kuka sani.”

Sai magina suka kafa bukkokinsu a waje, bakin ramin, kusa da aikinsu. Wa zai kwana nesa da inda yake kwaɓa ƙasa? Gara na haƙa, Buzuzu na mirginowa, Zanzaro na kwaɓawa, tana ɗorawa, tana daɓewa.

Shekarar farko bango ya tashi. Ya hau dutse, ya sauka kwari, ya sake hawa. Samansa da faɗi, har dakaru na iya tafiya a kai su biyar a jere. Zanzaro ta tsaya tana haki, ta ce, “Uban aiki, gaya mini in ji daɗi. Bangon nan don me?”

Dila ya ce, “Don a tare mahara, talaka ya ci abin da ya noma.”

Ta ce, “Madalla.” Ta koma bakin aiki.

Abincin magina kuwa a hannun Dila yake. A shekarar nan tafi ɗaya na gero yake ba su da safe, tafi ɗaya da yamma. Zanzaro ta ba ’ya’yanta, ita ta ɗaure ƙugu da igiya.

Shekara ta biyu aka ce a gina hasumiyoyi a kan bangon, wannan tana hango waccan. Zanzaro ta gina. Ta ce, “Uban aiki, su kuma waɗannan don me?”

Ya ce, “Don hayaƙi. In mai gadi ya hango kuraye can nesa, ya tayar da hayaƙi ɗaya. Na gaba ya gani ya tayar da nasa, haka har fada. In sun ƙetare kogi, hayaƙi biyu. In sun iso, uku. Kin ga labari ya riga doki.”

Ta ce, “Kai, wannan dabara ce! Da akwai ta, da mijina ya sami gudu.”

A shekarar nan Dila ya soke abincin yamma. Shi kuwa wuyansa har ya yi ninki. Zanzaro ta ƙara jan igiyar ƙugunta.

Shekara ta uku aka ce a gina ƙofofi uku, ta gabas, ta tsakiya, ta yamma. Ta gina. Ta ce, “Uban aiki, mun sha wahala mun toshe, kuma za mu buɗe? Ƙofofin don me?”

Ya ce, “Don fatake. Su shigo da fata da dawaki, su fita da alharini da hatsi. A san mai shiga, a san mai fita. Kowa ya nuna hatimin sarki a bakin ƙofa, a buɗe masa.”

Ta ce, “Haka ne, gari ba ya zama ba ciniki.” Ba ta tambayi wa za a ba hatimin ba. Ina ma ta tambaya!

A shekarar nan dusa Dila yake auna musu. Dusa, jama’a! Abin da ake ba akuya! Zanzaro ta ja igiya karo na uku, ta ja, ta ja, har ƙugunta ya koma kamar zare. Shi ya sa kuke ganinta haka. Ba ado ba ne, yunwar aikin sarki ce.

Ana nan, ana nan, saura ɗan gurbi ɗaya a bangon, inda magina suke bi su shiga gari su fito. Shi ma akwai al’adarsa. Babban magini ne yake toshe gurbin ƙarshe, kuma ta waje yake tsayawa, don ya shafe fuskar bangon sumul, kada abokin gaba ya sami inda zai sa ƙafa. Zanzaro ta tsaya ta waje. Jama’arta duk suna waje, suna miƙo mata laka. Ta toshe, ta daɓe, ta shafe. Ta ja da baya ta duba. Ko tsagar da farce zai shiga babu.

Ta ce wa ’ya’yanta, “Kun gani? Daga yau kun kwana lafiya.”

Can cikin gari aka ɗauki kiɗa. Ganga, algaita, guɗa. Ƙanshin nama yana tsallako bango. Magina suka wanke hannu, suka zauna, suna jira a aiko a shigar da su. Aka kwana ɗaya, ba wanda ya zo. Aka kwana biyu, shiru. Aka kwana uku, kiɗan ma ya daina.

Da hantsin rana ta huɗu Buzuzu ya ɗaga kai, ya ce, “Ku dubi hasumiya!”

Hayaƙi ɗaya, baƙi ƙirin.

Gara ba ta tsaya wata-wata ba. Ta ce, “Zanzaro, an manta da mu. Ni ƙasa zan shiga da jama’ata. Kawo yaran mu tafi tare.”

Zanzaro ta ce, “Haba Gara! In shekara uku ina gina ganuwa, in kai ’ya’yana rami? Ni na gina ta. Ni za ta ƙi?”

Gara ta ce, “Allah ya sa ki fi ni gaskiya.” Ta nutse. Buzuzu ma ya mirgina curinsa ya yi daji.

Zanzaro ta goya ’ya’yanta ta nufi ƙofar gabas. Ta tarar da ita a rufe. Ta tsaya ta ɗauki waƙa. Ku kama mini amshi, in na faɗa ku ce zin-zin-zin.

Mai ƙofa, buɗe mini ƙofa,
— Zin-zin-zin!
Ni na kwaɓa, ni na ɗora,
— Zin-zin-zin!
’Ya’yana uku suna waje,
— Zin-zin-zin!
Ga hayaƙi ɗaya a sama.
— Zin-zin-zin!

Kunkuru ne mai tsaron ƙofar. Sai da ya gama miƙa, ya gama hamma, sannan ya leƙo ta ’yar taga.

Ya ce, “Wace ce?”

“Ni ce Zanzaro. Baba Kunkuru, ai ni na gina maka ɗakin da kake ciki.”

“To, sannu da aiki. Ɗakin ba ya yoyo. Ina hatiminki?”

“Ba ni da shi. A ina ake samu?”

“A fada.”

“Fadar ai tana cikin ganuwa!”

“Ƙwarai kuwa.”

“To, ta yaya zan je fada ban shiga ba?”

Kunkuru ya yi tunani, ya yi tunani. Ya ce, “Wannan tambaya ta fi ƙarfina. Gwada ƙofar tsakiya.” Ya mai da kansa ciki.

Ta tafi. Wuni guda tana tafe a gindin bangon da ta gina, yara suna kukan ƙishi.

— Iya, ba tana da fiffike ba? Ta tashi ta tsallake mana!

Yauwa Barau, ka yi tambaya. Ta gwada. Ta ɗauki Nomau ta tashi da shi. Tana kaiwa saman bango sai ga ƙadangaru a jere, dakarun sarki, baki buɗe. Babbansu ya ce, “Koma! An ba mu umarni, duk abin da ya tsallako ta sama mu haɗiye shi.”

Ta ce, “Ni ce fa! Hanyar da kuke tsaye a kai ni na daɓe ta!”

Ya gyaɗa kai, ya gyaɗa kai, ya ce, “Mun sani. Koma.”

Ta sauko. In ita kaɗai ce da ta gwada sa’arta, amma ba za ta kai ɗanta bakin ƙadangare ba.

Washegari ta isa ƙofar tsakiya. Ta ɗaga kai, hayaƙi biyu. Kuraye sun ƙetare kogi. Ku kama mini.

Mai ƙofa, buɗe mini ƙofa,
— Zin-zin-zin!
Ni na kwaɓa, ni na ɗora,
— Zin-zin-zin!
’Ya’yana uku suna waje,
— Zin-zin-zin!
Ga hayaƙi biyu a sama.
— Zin-zin-zin!

Hawainiya ce a nan. Ta leƙo, koriya shar, ta ce, “Wayyo ’yar’uwa! Ke ce a waje? Da yara? Wallahi abin ba daɗi.”

Zanzaro ta ce, “To buɗe mini, Yaya.”

Hawainiya ta juya ido ɗaya wajen Zanzaro, ɗaya wajen hasumiya inda dakaru suke kallo. Sai ta koma ruwan toka.

Ta ce, “Ina hatimi?”

“Ba ni da shi. Bar ni ni a waje. Karɓi yaran kawai ta taga, ga su ’yan mitsi-mitsi.”

Hawainiya ta koma baƙa wuluk. Ta ce, “Su ma ina nasu? Ni fa ba ni na kafa dokar ba. Ina da nawa ’ya’yan. Je ki ƙofar yamma, tsohon uban aikinku ne a can, an naɗa shi Sarkin Ƙofa. Ai ya san ki.” Ta rufe taga a hankali, don kada a ce ta yi rashin kunya.

Kun ji irin mutanen da ke ƙona mini rai. Gwamma wanda ya kore ka kai tsaye da mai tausayinka da baki, hannunsa na kan sakata.

Zanzaro ta sake saɓar ’ya’yanta. Rana ta uku, da rana tsaka, ta isa ƙofar yamma. Hayaƙi uku ya turnuƙe sama. Muryarta ta dushe, amma ta yi waƙar.

Mai ƙofa, buɗe mini ƙofa,
— Zin-zin-zin!
Ni na kwaɓa, ni na ɗora,
— Zin-zin-zin!
’Ya’yana uku suna waje,
— Zin-zin-zin!
Ga hayaƙi uku a sama.
— Zin-zin-zin!

Dila ya leƙo, da sabon rawani, yana sakace haƙori.

Ya ce, “Wa ke mana ihu?”

Ta ce, “Ni ce, uban aiki.”

Ya ce, “Ke wa?”

Ke wa! Shekara uku yana zaune a inuwa yana kallon bayanta, yau ke wa!

Ta haɗiye fushinta saboda yara. Ta ce, “Zanzaro ce. Da bakinka ka ce mini bangon nan don a tsare talaka ne.”

Ya ce, “Talakan ciki.”

“Ni ba ta ciki ba ce? A ƙasar nan aka haife ni!”

“Ina kike tsaye yanzu?”

“A waje.”

“Ina bukkarki?”

“A waje, bakin rami, inda aiki ya ajiye ni.”

“Wa ya ce a haƙa ta waje? Ni na ce ta ciki, kika ce kin fi ni sanin laka. To, amfanin ganuwa ke nan, a san na ciki, a san na waje. Da babu ita sai mu yi ta ruɗewa.”

Suna cikin haka sai ga wata baƙuwa a kan doki, ta sha lulluɓi, da jakuna biyu ɗauke da fatu. Ta yi sallama da murya ƙasa-ƙasa. Ta miƙa hannu ta taga, ga hatimin sarki yana sheƙi. Ta sake miƙa hannu, ga cinyar barewa guda.

Zanzaro ta dubi hannun. Ta ga farce. Ta shaƙi iska, ta ji warin da ta ji ranar da aka tafi da mijinta.

Ta ƙwala ihu, “Kura ce! Sarkin Ƙofa, Kura ce! Uwar gayyar ce da kanta!”

Dila ya ce, “Rufe mana baki. Bafatakiya ce, tun watan jiya take zuwa. Ni da kaina na samo mata hatimin.”

“Dubi farcenta!”

“Ni hatimi aka ce in duba, ba farce ba.”

Kura ta leƙo ta ƙarƙashin lulluɓi, ta yi wa Zanzaro murmushi. Ta ce, “Sannu maginiya. Bangonki ya yi kyau. Sau uku muna zagaya shi, ba mu sami wurin hawa ba.”

Dila ya zare sakata. Ƙofa ta buɗe. Zanzaro ta yunƙura za ta bi bayan jakunan, Dila ya sa sanda ya tare ta, ya ce, “Ke ba ki da kunya? Mai hatimi kaɗai!”

Kura kuwa tana shiga ta yar da lulluɓi. Ta zauna daram a tsakiyar ƙofa, ta hana ta rufuwa. Ta ɗaga kai ta yi kuka irin nasu. Can arewa aka amsa mata. Ƙasa ta fara rawa.

Zanzaro ta san saura ƙiris. Shiga gari yanzu shiga bakin kura ne. Gudu kuma ina za ta da goyo uku? Ta dubi bangon. Ta dubi hannunta. Abu ɗaya ta iya a duniya.

Ta ruga gindin bango, gefen ƙofa. Ta sauke yara. Ta faɗa rami neman laka, ta tarar ya bushe ƙayau, sun gama da ruwansa wajen ginin sarki. Sai ta ɗebi ƙasa ta jiƙa da yawun bakinta. Ta tashi tsakiyar bango, inda kura ba ta kaiwa daga ƙasa, ƙadangare ba ya kaiwa daga sama. Ta liƙa. Ta sauko, ta ɗebo, ta liƙa. Ta gina ɗan ɗaki kamar tulu.

Ta ce, “Nomau, kai ne babba, kai za a fara gani. Zo.” Ta sa shi ciki, ta jefa masa tsutsa ɗaya ya ci, ta toshe bakin.

Rugugin kofato ya ƙaru. Yawunta ya fara ƙafewa. Ta gina na biyu, ta sa Marka, ta toshe.

Ta tsinko ganye ta rufe Yalwa. Ta ce, “Ke ƙarama ce, ganye zai ɓoye ki. Kada ki motsa. Yanzu zan zo.”

Yalwa ta ce, “To, Inna. Nawa ki yi masa kyau.”

Ta fara na uku. Ta tofa, ba yawu. Ta matse maƙogwaro, ɗigo ɗaya. Ta liƙa. Ta sake matsewa, har jini-jini. Ɗaki ya kai rabi. Ta ce rabin ma ya isa, ta juyo za ta sauko.

Sai dawaki suka iso. Ta gindin bango suka biyo, don nan ce hanyar ƙofa. Ɗari, ɗari biyu, ban san iyakarsu ba. Ba su ma san da wata Yalwa ba. Wucewa kawai suka yi.

Da suka shige, Zanzaro ta sauko. Ta duba nan, ta duba can. Ta kira, ta kira. Ko ganyen ba ta samu ba.

Ke Lantana, share hawayenki, ban gama ba.

Kuraye suka kwana bakwai a cikin ƙasar Sin. Abin da suka yi a da wasa ne. Da can in sun zo, mutane kan watse cikin daji. Yanzu ga bango a gabansu, ba wurin gudu. Suka kwashe, suka kora, suka fita ta ƙofar da suka shigo, Kura na gaba da hatiminta a wuya.

Sarki ya kira Dila, ya ce, “Yaya aka yi haka?”

Kuna tsammani ya ji kunya? Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Ranka ya daɗe, laifin magina ne. Ganuwa ɗaya suka yi. Ƙasa irin taka biyu ta dace da ita. A sake gina wata a cikin wannan.”

Sarki ya ce, “Ka yi magana.”

Ko rawanin ba a tuɓe masa ba! Ko tsawa ba a yi masa ba!

Aka nemi Gara, ta ce a gaya wa sarki ta rantse, duk ƙyauren da ta samu sai ta ci shi. Aka nemi Buzuzu, ba a gan shi ba. Aka ce ai babbar maginiyar tana nan maƙale a bayan ganuwa. Aka aika Kunkuru, ta ƙi kallonsa. Aka aika Hawainiya, ta ƙi kallonta. Sai sarki ya taso da kansa, Dila na biye, riƙe da laima.

Toron Giwa ya tsaya ta ciki, ya ɗora hancinsa a kan bango, ya leƙo. Ya ga Zanzaro zaune kan ’yan ɗakuna, biyu a toshe, ɗaya rabi, ba kowa ciki.

Ya ce, “Ke ce maginiyar?”

Ta ce, “Ni ce.” Ba ta ce ranka ya daɗe ba.

Ya ce, “An gaya mini an ɗan yi mantuwa game da ke. Ya wuce. Ki zo ki gina mini ta biyu. Zan ba ki hatimi na zinariya. Ki shigo, ke da ’ya’yanki. Uku ne, ko? An ce mini uku.”

Ta ce, “Biyu.”

Sarki ya waiwayi Dila. Dila ya ce, “Uku ne, ranka ya daɗe, na gan su da idona.”

Ta ce, “Ka gan su uku a bakin ƙofarka. Yanzu biyu ne.”

Sai ta juya wajen sarki.

Ta ce, “Bangona bai faɗi ba. Je ka duba, daga teku har rairayi, ko tsaga babu. Hayaƙina ya tashi a kan lokaci. Ƙofata ba a karya ta ba, buɗe ta aka yi. Ka gina goma in ka ga dama. Ni dai hannun nan ya gama yi wa sarki gini.”

Ta fasa ɗakunan nan biyu. Nomau da Marka suka fito, fiffike ya fito musu. Su uku suka tashi, suka bar ƙasar, ba su waiwaya ba.

Tun daga ranar Zanzaro ba ta sake gina wa kowa ba sai ’ya’yanta. Kuma ba ta ƙara yarda ta tsaya ta waje ba. Ɗakin kowa ta samu shiga take, ba sallama, ba neman izini, ta yi gininta ta ciki, can sama. Ta sa ɗanta, ta sa masa abinci, ta toshe, ba ta barin ƙofar da wani zai tsare. In kun lura, wani lokaci za ku ga ɗaki ɗaya a gefe, rabi, ba kowa ciki. Kada wanda ya sa kara ya rushe mini shi. Na Yalwa ne.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. In an ce muku ana gini don a tsare jama’a, ku tambaya tun kafin ku ɗauki laka: wace jama’ar, kuma wa zai riƙe ƙofa? In kuma wata rana Allah ya sa ku ne a bakin ƙofa, ku dubi fuskar mai bugawa. Wanda ya yi muku wahala ba a barinsa a waje.

Ƙurunƙus kan ɗan ƙadangare! Ta ƙare a nan, wanda ya ji ya riƙe, wanda ya yi gyangyaɗi ya tambayi na kusa da shi.